Ƙofar injin da na ƙi saki

Shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi yana goyon ciki, ina aiki a Tasawa da wata ƙungiyar manoma da makiyaya. Muna da layin waya da mutane ke kira su bar saƙon murya: rijiyar da ta ƙafe, inda ciyawa ta rage, inda shanu suka fara faɗuwa. Mai bukata ya kira ya saurara kafin ya kora dabbobinsa.

Saƙonnin suna taruwa cikin wani babban inji da ke ajiye a Maradi. Daga biro, ofishinmu na Tasawa, nake shigarsa da ordinatata, wato kwamfuta, in kashe, in kunna, har in saka masa faifai daga nesa kamar ina tsaye gabansa. Wannan ƙofa ta faifai mutum ɗaya take ɗauka. In ina ciki, ba mai shiga sai na fita ko na yarje masa.

Lokacin sojoji ke mulki. Wata safiya sai ga kawuna, ƙanen mahaifiyata, ma'aikacin gwamnati ne. Na ba shi kujera ya ƙi zama.

"Ɗiyata," ya ce, "an ce muryoyin nan suna tada hankalin jama'a. Wani masani daga babban birni zai shiga injin yau ya gyara shi."

"Gyaran mi, Kawu? Ba abin da ya lalace."

Ya dubi ƙasa. Na san irin gyaran: a saka sabon faifai, a shafe komi.

Yana tsaye na buɗe ƙofar na shiga, na fara kwaso saƙonnin. Rezon intanet ba ƙarfi, abin yana tafiyar hawainiya. Ba a jima ba rubutu ya fito a allon ordinatar: wani na neman izinin shiga. Na ƙi. Ya sake nema, na sake ƙi.

Wayar Kawu ta yi ƙara. Ya saurara, ya miƙo mini ita.

"Madam," in ji muryar, "ke ce ciki? Ki fita. Umarni ne daga sama."

"Ranka ya daɗe, masu injin nan manoma ne da makiyaya, su suka ba ni amana. Su ce in fita, yanzu in fita."

"Kin san da wa kike magana?"

"Ban sani ba. Ka kuwa ga dalilin da ya sa ba zan buɗe maka ba."

Ya kashe. Kawu ya ce, "Za ki ja mana abin da ya fi ƙarfinmu. Ki tuna da uwarki."

Na kunna masa saƙon da ya shigo jiya. Wata tsohuwa ce Bafulatana daga wajen Mayahi, tana haki, tana cewa kada kowa ya kawo shanu rijiyarsu, guga laka yake fitowa da ita, a nufi Maijirgi. Na ce, "Kawu, wannan ce ke tada hankalin jama'a?" Sai a lokacin ya ja kujera ya zauna.

Da hantsi kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Na leƙa na roƙi telan da ke maƙwabtaka da mu, ya ciro batirin solarsa ya kawo, bai tambaye ni komi ba. Haka na riƙe ƙofar, ban tashi ko cin abinci ba. Da la'asar allon ya yi baƙi. Sun gaji da nema, sun tura wani a Maradi ya zare wayar injin.

Kashegari aka ɗauke ordinatar, aka yi mini tambayoyi har yamma, aka sake ni. Ƙungiya ta ji tsoro ta sallame ni, ban kuma ga laifinsu ba. Abin da na samu kwasowa bai kai rabi ba. Tun daren da allon ya yi baƙi na zuba shi a katunan waya, na ba masu amalanke da direbobin tasha, suka yi ta turawa waya zuwa waya a kasuwannin ƙauye.

Kawu bai sake yi mini magana ba sai da babbar salla. Ya aiko gidanmu da cinyar rago, ya ce a gaya mini yana nan bakin aikinsa, ba a taɓa shi ba. Ni kuwa na koma gyaran wayoyi a bakin tasha, har damina ta zagayo.