Wanzami ya nemi tabo a cikina bai samu ba

Jiya a kasuwar Illela, Baba wanzami ya sa na ɗaga riga a rumfarsa. Shi yake mini aski tun ranar sunana. Ya ji labarin na ba ƙanena Sani ƙoda, ya ce sai ya ga wurin da idonsa.

Ya duba dama, ya duba hagu, ya shafa haƙarƙarina. Babu komai.

Na ce, "Baba, ta cibiya likitocin can waje suka fiddo ta. Ɗinkin ya ɓace cikin lanƙwasar cibiyar."

Na kuma faɗa masa abin da ke cin raina. Wasu a garinmu na cewa yawo kawai na tafi, tunda babu shaida. Har na fara jin da ma an bar mini tabo.

Ya ajiye askarsa ya ce, "Ɗana, mu muna tsaga don a san ɗan gidan wa ne. Wannan aiki ba na nunawa ba ne. Da an bar maka tabo, duk ranar da ka tuɓe riga a gona, sai Sani ya sunkuyar da kai."

Wallahi ban taɓa duban abin ta wajen Sani ba.

Da na koma gida na tarar da shi yana ɗaure damin gero, har da waƙa. Ashe shaidata ke nan.

'Yan uwa, ku da tabon kuka so, ko hakan ya fi?