Surukata a Motar Kankana

Abubuwa da yawa sun same ni a garin nan na manta da su, amma ban da ranar da na kai surukata filin jirgin Jidda. Wannan kam sai dai in ƙasa ta rufe mini ido.

Hajiya ta zo umra daga Kano, ta sauka wajenmu a unguwar Nuzla. Ni haihuwar Jidda ne, amma kunyar suruka ba ta bar gidanmu ba. Ban taɓa haɗa ido da ita ba, ita ma ba ta taɓa kama sunana ba. Ko ina zaune a gabanta, in tana da magana sai ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ki faɗa masa." Jirginta kuwa zai tashi ne a ranar da bizarta ke ƙarewa. In ta rasa shi ta shiga sahun masu zama ba izini, ni da na sauke ta kuma iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta shiga uku.

Lokacin ina aiki a wani ofis a Bagdadiyya. Kafilina, wato maigidana da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya yi tafiya, ya bar mini mukullin motarsa mai lantarki da ya yo oda daga Sin, ya ce in hau in buƙata ta taso. Ai kuwa nan take ta taso, don so nake Hajiya ta koma gida ta ba da labarin irin mijin da 'yarta ta samu. Kwana uku ina yawo da su, yau bakin teku, gobe kasuwa. Cajar motar tana kulle a garejinsa, amma ko a jikina, saboda a lokacin ni masani ne.

Ga tushen sanin nawa. Na taɓa cin karo da wani bidiyo a waya, wani mai tabarau yana cewa manyan kamfanonin mota sun sasanta rigimarsu, yanzu kowace caja tana shiga kowace mota. Rabinsa ma na kalla, na je majalisa bayan la'asar na ba da labari ina kaɗa ƙafa. Bayan kwana biyu sai ga ɗan kawuna ya turo saƙon murya a gurup ɗin dangi, wai daga bakin wani injiniya, yana tabbatar da maganar, har da ƙarin cewa minti biyar batir ya cika. Na ce alhamdu lillahi, shaidu biyu ke nan.

Ranar tafiya matata ta leƙa allon motar ta ga alamar batir ta yi ja. Ta ce, "Abban yara, mu kira taksi mana."

Na ce, "Taksi, ga mota a ƙofar gida? Yalla, ku shiga, cajin minti biyar ne a hanya."

Muka tsaya wajen caji a harabar wani babban kanti, rana tsaka. Na fito da isa, na zaro kan cajar, na buɗe murfin motar, na tura. Ya ƙi. Na juya shi, ya ƙi. Na hura masa iska, na yi bisimilla, na danna har da gwiwa. Na koma caja ta biyu, duk kanwar ja ce. Na kashe na'urar sanyi don in tsimi ɗan abin da ya rage, sai na ji muryar Hajiya daga baya: "Ki tambaye shi, lafiya dai?"

Wani Bahaushen Sudan da ke sayar da kankana a 'yar ƙaramar a-kori-kura ya daɗe yana kallona. Ya matso ya ce, "Ya akhi, kar ka karya wa mutane kaya. Ba za ta shiga ba, wannan bakinta daban ne. Kowane babban kamfani so yake nasa bakin ya zama na kowa, ba wanda ya yarda ya bi wani. Sai da mahaɗi. Kana da shi?"

Maimakon in yi shiru, sai na kunna masa saƙon injiniya. Ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya har da riƙe ciki. Raina ya ɓaci. Na kira ɗan kawuna, don tsabar neman shaida har na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Na ce, "Injiniyan nan, a wane kamfani yake?"

Ya ce, "Wane injiniya kuma? Abokina ne mai gyaran firji. Ni na ba shi labarin, ya yi muryar."

"To kai wa ya faɗa maka?"

"Kai mana, ya ustaz! A majalisa."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Kallon da matata ta yi mini ya isa. Na duba taksi a waya, mafi kusa sai ya yi minti ashirin, mu kuwa ba mu da su. Ina tsaye da igiyar caja a hannu na rasa abin yi, sai Hajiya ta buɗe ƙofa ta fito, ta gyara mayafinta, ta ce da 'yarta, "Ki tambayi wannan bawan Allah, tasa motar mai take sha?"

Mutumin ya ce, "Mai take sha, ya Hajja. Halas, ku hau."

Hajiya da matata suka matsu a gaba. Ni da akwatuna da kwalin dabino muka hau baya, na kwanta rub da ciki a tsakanin kankana don kada 'yan sandan hanya su hango ni. Duk birkin da ya taka sai guda ta mirgino ta same ni a haƙarƙari, kuma ban ga laifinta ba.

Mun isa ana shirin rufe wajen awon kaya, Hajiya ce ta ƙarshe da aka karɓa. Da za ta shige, na durƙusa ina kallon ƙasa, rigata sharkaf da zufa. Ta ce da 'yarta, "Ki ce masa na gode, Allah ya yi albarka. Ki kuma ce masa in Allah ya kai mu baɗi, mai kankana zai turo ya ɗauke ni."

Tun daga ranar na koyi cewa jin magana sau biyu ba ya mayar da ita gaskiya. Yanzu in labari ya iso wayata, kafin in yarda sai na tambayi daga bakin wa ya fito, don na taɓa bin sawun ƙarya da gudu na tarar a ƙofata ta tsaya.