Gado Na Shida Ya Gaskata Ka, Yaya

Ranar Talata, sha biyu ga watan nan, da hantsi, matarka ta kira ofis ta ce ka cika. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Na ajiye wayar, na kasa tashi daga kan kujera.

Shekara tara muna ɗaki ɗaya a ofis, muna rubuta manhajojin da ke sa kwamfuta ta fahimci na'urorin da aka jona mata. Kai ka koya mini lissafa yawan bayanan da wayar da ke haɗa na'ura da kwamfuta za ta iya ɗauka a daƙiƙa guda. Ba ka taɓa yarda da lambar da aka buga a jikin kwali ba. Sai ka raba ta biyu, ka ɗauko agogo, ka loda wa na'ura kaya har ta fara nishi. Shi ya sa muke kiran ka Mai Awo, kana dariya. Ranar da na ɓata aikin wata firinta, na'urar buga takardu, kai ka shiga wurin manaja ka ce laifinka ne.

Amma ni da taurin kai aka haife ni. Makonni biyu da suka wuce aka kawo mana aikin wani asibiti: na'urorin auna bugun zuciya na gado takwas, duk ta waya ɗaya za su aika bayanai. Na duba lambar da ke jikin kwalin wayar na ce ta isa har da ragi.

Ka ce, "Ƙanena, kunna su duka takwas ɗin lokaci guda mu gani."

Na ce a gaban kowa, "Yaya, tsufa ne ya sa ka tsoro."

Ka ɗauki hularka ka tafi salla.

Jiya na yi gwajin. Ina kunna ta shida bayanai suka fara cunkushewa, wasu suna zubewa, allon kwamfutar kuma bai nuna wata matsala ba. Da an kai aikin haka, zuciyar wani za ta tsaya, ma'aikaciyar jinya tana kallon layin bugun zuciyarsa a allo lafiya lau. Na janye aikin. Kunya da baƙin ciki sun hana ni cin abinci.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba mahaifiyarka da matarka da 'ya'yanka uku haƙurin wannan rashi. Mama, ɗanki ya tafi ban nemi gafararsa ba. Ina roƙonki ki yafe mini a madadinsa.