Mutumin da Ya Kai Ƙararmu Sau Tara

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, autarka ta kira ni ta ce ka cika. Kafin la'asar mun kai ka makwancinka. Ko a tafiyar ƙarshe ba ka ɓata wa kowa lokaci ba, Malam Kaset, kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana duba agogo a madadin mutanen da ba su san darajarsa ba.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne mai kula da ɗakin ajiyar kaset a gidan talabijin ɗin da na fara aiki. Ni ina rubuta gajerun wasannin barkwanci na shirin yara mai suna 'Yan Bencin Baya, Darakta kuma yana shiryawa, yana ihu. Ɗakinka na can ƙarshen baranda, ba taga, kuma nan kaɗai na'urar sanyaya ɗaki take aiki, don kaset ba ya son zafi. Kullum da rana tsaka sai ƙaunarka ta motsa mana, mu zo gaishe ka. Ka san sanyi muke gaisarwa, amma ka ajiye mana kujeru biyu da butar shayi. Kai ka ɗinke kunnen zomon tsumma da muke wasa da shi har sau uku. Kai kake tsare yaran shirin su gama aikin gida kafin a saka musu gemun auduga. Yau a cikinsu akwai likita, akwai alƙali, kuma duka sun zo jana'izarka.

A wancan zamani kaset ba su da yawa. Shiri ya fita ran Asabar, a maimaita shi ran Talata, ran Laraba a goge a ɗauki wani abu a kai. Da hannunka kake gogewa, don aikinka ne. Na karanta labarin manyan ɗakunan karatu na dā da gobara ta cinye, masana na ta kuka har gobe. Namu wasannin ba su samu darajar gobara ba. Jawabin buɗe taron bita ne ya cinye su.

Abu ɗaya ne ba a gogewa. Idan mai kallo ya rubuto ƙorafi, kwamiti ya zauna ya haramta shiri, to kaset ɗin ya zama shaida. A manna masa jar takarda, a kulle shi a kabad ɗin ƙarfe, ba mai nunawa, ba mai taɓawa.

Sai wasiƙu suka fara zuwa. "Uba Mai Kishin Tarbiyya" ya ce wasan da akuya ta zauna a kujerar hedimasta har zango ya ƙare ba wanda ya lura yana koya wa yara raina manya. "Wata Uwa da Ranta Ya Ɓaci" ta ce tun da ɗanta ya ga likitan da yake ɓuya a ƙarƙashin gado don tsoron allura, shi ma can yake kwana. "Tsohon Malami" ya yi tir da mai hasashen yanayi da ruwan sama yake dukansa duk ranar da ya yi alƙawarin rana. Abin da ya fi ci mana rai, masu ƙorafin nan sun san abu mai kyau. Ba su taɓa kai ƙarar wasa mai lami ba, sai wanda muka fi ji da shi.

Mu dariya muke yi, amma Darakta shi ke shan takardar tuhuma. Sau biyu ƙarin girma yana zuwa ƙofarsa ya wuce, aka ce shirinsa ya cika jawo magana.

A wasiƙa ta tara ka yi kuskuren da ba mai yin sa sai ɗan sana'a. Darakta yana karanta mana ita da ƙarfi, ya zo inda aka rubuta, "a minti na goma sha ɗaya da sakan arba'in, an ga yaro ya murguɗa baki," sai ya tsaya. Ya ce, "Wane uba ne yake kallon shirin yara yana ƙirga sakan?" Ya miƙe, na bi shi har ɗakinka.

Darakta ya ce, "Kai ne?"

"Ni ne."

"Me muka yi maka, Malam?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Rufe ƙofar, sanyi na fita."

Bai kai ka gaba ba, ya ce yana duba 'ya'yanka. Amma daga ranar bai sake ce maka uffan ba, shekara ashirin da takwas. Ni ma gaisuwar fatar baki na koma yi maka, kuma na daina zuwa shan sanyi, wanda a lokacin na ɗauka babbar sadaukarwa ce. Duk karatun da nake taƙama da shi bai kai ni ga tambayar da ɗan aji uku zai yi ba: ina kaset ɗin da aka haramta suke, ina waɗanda ba a haramta ba?

Wata biyu kafin rasuwarka, ciwo ya kwantar da kai, ka aiko autarka ta ce mu zo mu biyu. Darakta ya ce ba inda za shi. Na ce masa mara lafiya ne, kuma ni ba ni da mota. Muka same ka jingine da filo, ka rame, gefen gadon ga tsohuwar na'ura, ga kaset tara, kowanne da jar takardarsa. Lokacin da gidan talabijin ya koma na'urorin zamani aka zubar da su a bayan gini, ka je da baro ka kwaso.

Ba ka yi jawabi ba, ka danna kawai. Sai ga akuyar nan a kujera tana taunar rajista, ga yaranmu da gemun auduga, ga muryar Darakta a bayan fage tana cewa a yi shiru, ta fi ta kowa ƙara. A cikin shirye-shirye sama da ɗari biyu, su ke nan suka rage a duniya. Darakta ya riƙe dariyarsa iya ƙarfinsa, har likita ya shige ƙarƙashin gado, sannan ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har hawaye, daga nan ban iya rabe hawayen me yake yi ba.

Da ya samu numfashi ya ce, "Tara kacal? Ai da ka gaya mini, da na taya ka rubutawa!"

Ka ce, "Shi ya sa ban gaya maka ba. Da kafin azahar har masu gadi sun ji, a buɗe kabad a goge."

"To bayan an zubar da su fa?"

"Shekara bakwai ina neman mai gyara na'urar."

"Bakin naka ma sai an kai shi gyara?"

Ka ce kunya ce. Ka ce kaset ka ceta, amma da guminsa ka biya, ba da naka ba, kuma ba ka tambaye shi ba. Ka ce ba ka so ka je gaban Allah da haƙƙinsa. Darakta ya ce ƙarin girman da bai samu ba, ko da ya samu, da yanzu ya manta yadda kujerar take. Ya kama hannunka ya ce ya yafe duniya da lahira, kai ma ka yafe masa shirun. Ni ma na roƙi tawa gafarar, ka ce ba ka ma lura na yi fushi ba, ka ɗauka na daina jin zafi ne.

Daga ranar kusan kullum yana gidanka, kuna gardama a kan wasan da ya kamata ka kai ƙara ba ka kai ba. Ka tafi da sauƙin zuciya, mu ma ka bar mu da shi.

Allah ya jiƙanka, Malam Kaset, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, da 'ya'yanka, musamman autarka da ta yi jinyarka, da jikokinka. Allah ya ba su haƙuri, ya albarkaci bayanka. Ina kuma yi wa Darakta gaisuwa, wanda yau kwana uku ke nan yana zaune a tabarmar iyalinka, tsakanin ƙannenka, yana karɓar gaisuwar mutane, kuma ba wanda ya ga baƙo a wurin.