Makilin Kaka da Haƙoran Kura

Ni dai boko bai karɓe ni ba, ni ma ban matsa masa ba. Abin da na ɗauko daga makarantar Faransanci bai wuce amsa suna da tsallake taga ba. Ɗan ilimin da ya zauna mini a ka, a gindin kurfotin kakata, murhunta na gawayi, na same shi, a tsohon Zongo na Lome, tun kafin a rushe shi a kwashe mu bayan gari.

Sunanta Balaraba, amma Kaka muke ce mata. Ni kuwa “maigida” take ce mini, wai ni ne mijinta da ba ya kawo cefane sai ciki. Bayan isha’i takan jawo kurfoti tsakar gida, ta ɗora masara, ta jefa ɓawon lemo a garwashi don sauro. Mu jikoki da ’ya’yan ’yan haya mu kewaye ta. Sai ta gyara zama ta ce, “Ga ta nan tafe, ku matsa mata.” Mu ce, “Ta zo ta zauna.” In ta gama kuma dole ta rufe da “ƙurunƙus”, don a cewarta tatsuniyar da aka bari a buɗe takan bi mutum har shimfiɗa.

Autanta, Baffa Sale, ƙanen mahaifina, shi ne ɗan bokon gidanmu. Akawu ne a tashar jiragen ruwa, ga ƙwalisa, ga fararen haƙora da yake ji da su. Shi ya kawo mata makilin da buroshi, wai ta rage jan goro. Ta juya abin, ta shinshina, ta ce, “Sale, haƙoran da suka rage mini asuwaki ma tausayinsu yake ji. Wannan kuma na shafa wa dasashi?”

Amma Kaka ba ta yar da abu. Wata rana ta ɗiga shi a kan awarwaronta na azurfa, ta murza da tsumma, sai ga azurfa ta yi fes kamar ranar aurenta. Shi ke nan, an tsokano. Butar shayi ta sha makilin, faranti ya sha, gilashin fitila ya sha, har farin takalmin Baffa. Gidanmu kaf ƙamshin na’ana’a yake. Ni ma ina taimaka mata wajen ƙarar da shi, da harshe, don a lokacin ban ga bambancinsa da alewa ba. Takan ce, “Maigida, cikinka dai ya fi na kowa haske a Zongon nan.”

Zamanin nan jam’iyya ɗaya ce, shugaba ɗaya, hotonsa a kowane shago. Ma’aikata kan maƙala wata ’yar lamba ta ƙarfe a ƙirji, mai ɗauke da fuskarsa. Ran da aka ce za a yi babban baƙo, akan rufe ofisoshi, a jera mutane bakin titi su yi rawa da tafi. Ba a fashi. Mu kuwa ’yan Zongo, ko an haifi kakanka a nan, kullum akwai mai tuna maka asalinka, don haka tafinmu ya fi na kowa ƙarfi.

Jajibirin irin wannan rana Kaka ta ga lambar Baffa a jikin rigarsa da aka rataye. Iskar teku ta dusashe ta. Ta ce ɗanta ba zai tsaya gaban manya da abu mai tsatsa ba. Ta matso makilin, ta zauna ta yi ta dirza, yadda take yi wa buta. Idonta ya riga ya yi rauni, ƙyalli kawai take gani. Fenti ne ashe a kai, ba zane a ƙarfe ba. Ta mayar da ita jikin riga tana murna. Da asuba Baffa ya zura rigarsa cikin sauri ya fita, bai duba ba.

Da magariba wani abokin aikinsa ya tsaya a ƙofar gida, ya ƙi ko shigowa. Da raɗa ya gaya wa mahaifina: a cikin layi wani ya hango ƙirjin Sale, fuskar shugaba ta goge, saura hula da kunne ɗaya. An ce da gangan ya yi. Sojoji sun jefa shi a mota.

Mahaifina ya fita neman wanda zai sa baki. Mata suka shige ɗaki suna kuka ƙasa-ƙasa, don ko kuka a lokacin sai ka duba wa ke bayan katanga. Kaka ba ta yi kuka ba. Ta jawo kurfoti kamar kullum, sai dai ba ta ɗora masara ba. ’Ya’yan ’yan haya iyayensu suka janye su. Mu na gida muka zauna.

“Ga ta nan tafe,” in ji ta. Muryarta kamar ta wata.

Ta ce an yi wata kura da ta mallaki daji, ta kafa doka: kowace safiya dabbobi su yi layi su goge mata haƙora, suna yi suna waƙar yabon farinsu. Zomo kan shafa sama-sama ya wuce. Biri ya fi ba da ƙarfi a waƙa. Sai wata tsohuwar akuya, wadda uwarta ta koya mata cewa in za ka yi aiki ka yi shi da gaske. Ita takan ɗebo lallausan yashi ta dirza tsakani da Allah. Haƙora suka yi ta haske, suna kuma sirancewa, ba wanda ya lura. Ran nan kura ta ciji ƙashi, fiƙa ɗaya ta ɓalle. Ta tara daji ta ce wa ya yi? Kowa ya kalli ƙasa. Ta dubi akuya, ta ga tsohuwa ce, ba nama. Sai ta ɗauki ɗan akuyar.

A nan Kaka ta tsayar da tatsuniyar.

Ni da bakina da ba ya gudun magana na ce, “Kaka, wace ce kurar?”

Ta make mini ƙeya, irin wanda ba na wasa ba. “Kura kura ce. Ka taɓa jin kura da suna?”

“To ɗan akuyar fa? Ta cinye shi?”

“Ban kai nan ba.”

“To ki rufe mana.”

“Ba na rufewa, maigida. A bar ta a buɗe.”

Ta kuwa bi mu har shimfiɗa. Kwanaki suka yi ta wucewa, mahaifina na zarya daga wannan ƙofa zuwa waccan. Kaka na jawo kurfoti kowane dare, mu zauna, ba tatsuniya, sai carbi. Butar shayi ta dusashe, ba ta taɓa ta ba. Ragowar makilin na nan a kan taga, ni kaina ban sake lasa ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Damina ta shigo kafin su sako shi. Bayan isha’i ya yi sallama, ya rame, kansa a aske, aikin ma sun kore shi. Ya durƙusa gabanta. Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana laluba, don idon bai isa ba. Ta ce, “Sale, ni ce. Ni na goge ta.”

Ya ce, “Na sani, Inna. Tun a mota na ji ƙamshin.” Bai taɓa faɗa wa sojojin cewa ita ce ba.

Sai ya yi mata murmushi, a nan muka gani. Haƙoran gaban nan da yake ji da su, babu ko ɗaya. Ya ce, “Kin ga yanzu mun zama ɗaya. Makilin ya zama na buta.” Ya so mu yi dariya. Ba wanda ya iya.

Kaka ta daɗe tana riƙe da shi. Can ta juyo wajen garwashi, ta ce a hankali, “Ƙurunƙus.” Daga ranar ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba har ta koma ga Allah.

Ina yaro, akuyar nan jaruma ce a wurina, tunda ta karya wa kura fiƙa. Da na yi gemu sai na koma ganin wautarta: wa ya aike ta? Ta shafa sama-sama mana, kamar zomo. Haka na yi tawa rayuwar, na yi tafi inda aka ce a yi tafi, na tsufa lafiya, ba abin alfahari. Yanzu da nawa bakin ya zama kango, na gane Kaka ba yabon akuya take ba, ba kuma zaginta ba. Gaya mana take irin dajin da muke ciki, inda tsohuwa za ta yi wa ɗanta gyara don ƙauna, gyaran ya zama laifi. Katanga na da kunne, sai ta sa wa maganar ƙaho da wutsiya.

Awarwaron yana wurina. Jikokina kan kawo mini makilin daga unguwar Djidjolé, suna dariya wai me zan goge. Nakan ɗiga kaɗan a tsumma in murza azurfar. Amma da ta fara haske nake tsayawa.