An Rufe Su a Ƙofar Marke

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da ɗan baffana, ko shayi ba mu tsaya sha ba. Masu tambayata a inbos ina na shige kwana biyu, ga labarin.

Kwanakin baya, wata rana da la'asar, wani ya turo labari a gurup ɗinmu na 'yan makaranta. Kanun ya ce: "KORONA: An rufe wani fitaccen malami da iyalansa a Ƙofar Marke, Sakkwato." A ƙasa ga hoton mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ɗauke da gawa. Babana malami ne. Gidanmu Ƙofar Marke yake. Kuma satin da ya wuce Inna ta ce min yana ɗan tari.

Na kira Baba, a kashe. Inna, a kashe. Ƙanwata, a kashe. Na danna labarin, sai tallar maganin basir ke buɗewa. Da ƙyar na samu lambar wani tsoho maƙwabcinmu, ga shi kunnensa da nauyi. Na ce, "Baba, da gaske ne abin da nake gani?" Ya ce, "Awo, tun jiya anka ruhe su. Sai haƙuri, ɗana." Layin ya yanke. Daga nan ban sake samunsa ba. Ku da kanku kun san abin da Bahaushe ke nufi in ya ce an rufe mutum.

An hana tafiya daga jiha zuwa jiha, tasha ba mota ko ɗaya. A bakin titi bayan Kawo muka samu babbar mota da ta kai albasa kudu tana komawa gida ba kaya. Motocin abinci kaɗai ake bari. Kuɗin da direba ya yanka mana ya kusa ninka na mota mai esi sau uku, ba mu ko yi ciniki ba. Muka hau baya muka zauna kan buhunan da babu komai ciki. Akwai wasu mutum uku, kowa da takunkumi, kowa na hararar kowa.

Titin Zariya fayau, kamar ranar ƙidaya. Ban taɓa ganinsa haka ba. Warin albasa kuwa ya ratsa takunkumi ya zauna. Abin ya yi min rana ta wani ɓangaren, don hawaye na zuba ba wanda ya tambaye ni dalili.

Kafin Funtuwa ɗan baffana ya ƙware da ruwan leda, ya yi tari sau biyu. Wani dattijo da ke gefe ya ja jakarsa ya koma can ƙarshen mota yana salati. Ya ce, "Samari, ku ji tsoron Allah, in da ita kuka taho ku faɗa." Ɗan baffana ya ce, "Ruwa ne, Alhaji." Ya ce, "Haka kowa ke cewa." Har muka rabu bai sake juyo da fuskarsa ba.

Shingen shiga Zamfara ne ya fi tayar min da hankali. Aka sauko da mu, aka jera, ana ɗora mana wannan na'ura mai kama da bindiga a goshi. Direba ya riga ya gargaɗe mu, wanda jikinsa ya nuna zafi nan za a ajiye shi, shi kuma ba zai jira kowa ba. To mutumin da ya yini a bayan mota cikin rana, ya za a yi goshinsa ya yi sanyi? Da aka zo kaina na'urar ta yi ƙara. Ma'aikacin ya dube ni, ya ce in koma inuwa. Na zauna gindin dalbejiya ina shafa ruwa a fuska, ina kallon direba yana tayar da mota. A raina cewa nake, ko kabarinsu ba zan gani ba kenan. Aka sake gwadawa. Ya ɗaga hannu ya ce in wuce. Da gudu na kamo motar.

A Gusau muka tsaya azahar. Masu abinci duk sun rufe, sai wata mata da ke soya awara a bayan gidan mai. Ƙanana, kuma da tsada, ta ce waken suya ne ya hau. Ɗan baffana ya ci, ni na kasa. Na buɗe data, na yi nadama. Labarin ya riga ya hayayyafa. Wani shafi ya ce unguwar gaba ɗaya ta ƙare. Wani ya ce ana ɓoye gawarwaki. Wata murya na yawo, mutum na rantsuwa da idonsa ya gani. An fara sa hoton Baba a sitatus da addu'a. Na kashe wayar.

Daga Talata Mafara zuwa Tureta an yi ruwa, manoma sun fito suna shuka, yara na bin su da ƙwarya. Harkarsu kawai suke yi. Haushinsu ma na riƙa ji, ban san dalili ba.

Bayan la'asar muka shiga Sakkwato. Mai kabu-kabu na jin Ƙofar Marke ya ce iyakarsa bakin titi, ba zai shiga lungu ba. Muka taka da ƙafa. Ina ta duban inda za a ce an shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Babu. Mai ƙosai na nan inda take. Ƙofar zaurenmu a rufe, almajiran karatun Baba ba ko ɗaya. Na buga ƙofar.

Sai aka turo tagar sama. Baba ne, da hularsa da tabarau.

"Wa ak nan? Kai! Tsaya nan, kak ka matso. Mi ya kawo ka cikin wanga hali?"

Na zauna a dakali. Na ce, "Baba, cewa anka yi an ruhe ku."

"To ba ga mu a ruhe ba? Ko gado kaz zaka rabo?"

Sai muryar Inna daga ciki: "Malam, bar yaro ya sha iska. Kun ci abinci kuwa?"

Abin da ya faru: wani baƙo ya kwana gidanmu, daga baya gwaji ya nuna yana da cutar. Ma'aikatan lafiya suka ɗauki samfurin kowa, suka ce a zauna cikin gida har sakamako ya fito. Shi ke nan rufewar. Ga unguwar ba wuta tun da taransifoma ta lalace, wayoyi duk sun mutu, maƙwabta kuma ba mai yarda ya taɓa su ya kai caji. Hoton gawar ma ba na ƙasar nan ba ne.

Ƙanwata ta zuro wayoyin cikin leda da igiya ta kan katanga. Na goge su da sanitaiza na kai shagon caji. Gidan baffa muka sauka, kullum sai in zo dakali mu yi hira ta taga. Inna na zuro min fura, Baba na faɗa wai ita ma fura ba a san ko tana ɗauke da cutar ba. A rana ta uku sakamako ya fito, ba wanda ya kamu. Tarin Baba mura ce.

Da motar albasa muka dawo, wannan karon cike, a saman buhuna. Abin da na ɗauko daga tafiyar nan: wanda ya rubuta kanun ya san "killace", ya ajiye ta ya ɗauki "rufe", don ita ce za ta sa a danna. Shi ya samu masu dannawa, mu muka yini muna kukan mutanen da ke zaune suna shan fura. Don Allah kafin ku tura, ku nemi wanda ya gani.

Na iso layinmu a Kaduna na tarar maƙwabta sun haɗu a ƙofar gida, an ji na dawo, an zo min ta'aziyya. Na yi bayani, suna ta cewa in yi tawakkali. Sai na kira Baba na sa a sifika.

Ya ce, "Na gode, na gode. Allah shi ba da lada. Addu'ar ku aje min ita, za a buƙace ta, amma ba yau ba."