Taubashina Ya Ci Kasuwa da Bakina

Ni dillalin hatsi ne a Dawanau. Da baro na fara, ina tura wa mutane buhuna, yau kuma ina da shaguna da motar kaya. Ban saba ƙyashin kowa ba, sai mutum ɗaya: taubashina, ɗan gwaggona, da yake aikin jarida a gidan rediyo. Babur ɗinsa sai an tura yake tashi. Yana ce mini Alhajin buhu, ina ce masa Sarkin surutu, kuma a da ina ganin ni na yi riba a wannan rabon.

Mijin ƙanwata ya rasu ya bar ta da yara a ƙauyenmu, arewa da Dawakin Tofa. Da damina ta yi nisa, ina can yawon sayen kaya, wata mata ta zo da mota ta ce tana da gidan marayu wajen Ungogo, za ta ɗauki ƙaramar 'yar ƙanwata riƙo ta sa ta a makaranta. Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ni ma a gidan kawuna na tashi. Ƙanwata ta yarda. Bayan nan duk zuwan da ta yi sai a ce yaran suna aji, ko suna barci. Daga baya ko ƙofar ba a buɗe mata.

Na sa babbar riga na je da motata. Matar ta tsaya a bakin ƙofa tana haɗa mini da Turanci, wai uwar da hannunta ta bayar. Na ɗaga murya, maƙwabta suka leƙo suna kallona kamar ni ne mai neman fitina. Na faɗa a kasuwa, na faɗa a majalisa. Kowa ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da awonsa.

Sai ga taubashina ya zo shago ya zauna kan buhun wake.

"Alhajin buhu, na ji ka je ka yi musu haushi."

"Kai da surutu ne sana'arka, me ka yi?"

"Bar wannan. Idan za ka sayi hatsi a hannun manomin da ba ya son sayarwa, yaya kake yi?"

Na yi dariya na faɗa masa, don ciniki ne, ba sata ba. Ba a zuwa da kaka, sai rumbu ya yi ƙasa. Ba a fara maganar kaya, sai an gaisa an tambayi yara, an ajiye musu ɗan tsaraba. Kuma ba ka cewa saya za ka yi, cewa kake ka zo ka rage masa nauyi. Yana ji yana gyaɗa kai. Da zai tafi ya ce in ba shi buhun gero, da shi zai shiga gidan marayun a matsayin mai kawo sadaka. Na ba shi, har da kuɗin keken da zai ɗauka.

Ranar da aka sa shirinsa a kan gidan marayun, bayan la'asar ne, rediyo na kunne a kusan kowace rumfa. Bai ambaci sunan kowa ba, bai zagi kowa ba. Muryarsa a kwance ya ce, "Ba ta zuwa da kaka, sai rumbu ya yi ƙasa. Tana gaisawa, ta tambayi yara, ta ajiye tsaraba. Ba ta cewa ta zo saye, cewa take ta zo rage nauyi. Jama'a, a garinku wannan riƙo ne ko ciniki?"

Na miƙe tsaye. Maganata ce, ko waƙafi bai canza ba.

Ya ci gaba da abin da ya gani a ciki: kokon da ake hango gindin kofi ta cikinsa, da tabarmin da suka fi yaran yawa, kuma ba wanda ya iya gaya masa inda masu su suka tafi. Ya ce jariran gidan ba sa kuka, domin yaro yana kuka ne idan ya san za a zo. Mai awon da ke kusa da ni ya ajiye kwano. Mutumin nan da bakina na ba shi labarin, ya ce mini Allah ya kyauta. Yanzu ga shi yana share ido da hula, yana tambayata, "Alhaji, ka ji abin da ake yi a ƙasar nan?"

Iyaye mata suka cika ƙofar gidan rediyon, har daga ƙauyukan da ban zata ba. Hukuma ta buɗe gidan. An samu 'yar ƙanwata a ciki, ta rame, kanta duk ƙuraje, amma da ranta. Wasu matan sun koma hannu rabbana, kuma har yau taubashina yana ambaton yaransu a shirinsa.

Ni na kai ta asibiti, ni na kai ta gida. Na yi murna, Allah shaida ne. Amma a ƙauye labarin nasa ne. Tsofaffin da suke ce masa mai yawon banza yanzu suna tashi su ba shi tabarma. Na ce masa, "Ka ari bakina ka ci kasuwa, ko la'ada babu."

Ya ce, "Bakin yana wurinka shekara da shekaru, Alhajin buhu. Gero kawai ka saya da shi."

Da damina ta zagayo gero ya nuna, ƙanwata ta yanki tumun farko a gonarta, wanda kullum ni take aika wa. Ranar da na je gidan, yarinyar ce ta fito da shi a faifai, ta yi ƙiba har kumatu sun fito. Na miƙa hannu.

"Kawu, Inna ta ce tunda kana da mota, ka kai wa Baba na rediyo."

Na buɗe mata ƙofar baya ta ajiye. A hanya na zare zangarniya ɗaya.